Geron da Iya ta Shanya

Akwai wata magana da ake yi a danginmu, na san kun sha jin ta ko da ba a gabana ba. Wai ni na hana babanku feshi a shekarar masara, na ɗora shi a kan kiwon ƙwari, sannan na yi sakaci ƙwarin suka mutu, garka ta lalace, shi kuma ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani bai dawo ba. Baffanku Hamza ne ya fara faɗar ta, kuma ban taɓa musa masa ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin na riƙe shi ni kaɗai, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu waɗanda zancen zai yi wa ciwo duk sun kwanta dama, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, shi ya sa na ce bari in rubuta muku da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci, ku karanta a hankali.

Tun kafin a ɗaura mana aure babanku yake zuwa ci-rani. Da an kai gero rumbu sai ya ɗaure kaya ya bi motar Kano, daga baya Kano ta yi masa kusa, ya riƙa zarcewa Legas. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwa, ya yi gadi. Duk shekara yakan dawo da atamfa da takalman yara da tari, kuma tarin ne kaɗai ba ya ƙarewa. Ku kun san shi a matsayin mutumin da ke zuwa da damina, ni kuwa na san shi a matsayin mutumin da nake jira. Kada ku yi dariya, ba irin soyayyarku ta kiran talho nake nufi ba. Na gaji ne kawai da sauraren ƙarar mota, na gaji da ganin haƙarƙarinsa in ya tuɓe riga. Da kuka girma, wasunku suka tafi gidajen aure wasu makarantar lakwal, babu abin da nake roƙon Allah kamar ya ba mu abin da zai riƙe mutumin nan a Matameye ya tsufa a gabana.

Abin da na sa rai a kansa shi ne garkarmu ta bakin korama, can ƙarshe ta hanyar Kurni. Maƙwabta rake suke yi, amma tamu ta ɗan hau tudu, rake ba ya son ta. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya kawo mana irin masara mai zaƙi, ya ce in ta yi zai riƙa zuwa da mota har bakin garka. Ita wannan masarar ba ta tuwo ba ce. Ɗanya ake cire ta a dafa ko a gasa, in ka bari ta bushe sai ta yamutse kamar kumatun tsohuwa, ko dabba ba ta murna da ita. Masu saye kuma ba su da kunya, sai sun yaye bakin kowane goyo sun leƙa, in suka ga tsutsa ko kashinta su jefar. Shekarar farko ta yi kyau har babanku ya jinkirta tafiya. Shekara ta biyu tsutsa ta zo. Takan bi ta gashin masarar ta shige ciki ta rufe ƙofa, kana ganin goyo a waje lafiya lau, ka buɗe ka tarar da ɓarna. Babanku ya goya famfon feshi, ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi ta zuba magani har ganyen ya riƙa wari. Tsutsa tana can ciki ko a jikinta, shi kuwa ya kwanta, numfashi yana fita da ƙyar. A gidan likita aka gaya masa ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar feshi ba. Da ya ji sauƙi ya ce da ni masara ta ƙare, baɗi jakarsa zai ɗauka kamar kullum.

Ana haka wata ma'aikaciyar gidan gona, Madam Rakiya, ta zo taron ƙungiyarmu ta mata da wata 'yar kwalba a hannu. Muka yi ta leƙe ba mu ga komai ba, sai da ta ɗaga ta a rana muka ga wasu 'yan ƙwari jajaye-jajaye suna yawo, kowanne bai fi ƙwayar riɗi ba. Ta tambaye mu ko mun san zanzaro, wanda ke ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka. Muka ce wa bai san zanzaro ba. Ta ce to waɗannan ƙannensa ne, sai dai su ba sa gini. Macen takan nemo tsutsa duk inda ta ɓuya, ta harbe ta ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta su fito su ma su shiga farauta. Ta ce a ƙauyukan wajen Icirnawa an daɗe ana sakin su a gonakin gero saboda tsutsar murzuna. Ba ta ɓoye mana komai ba, ta ce ba za su kashe tsutsa duka ba, sai mun haɗa da tsinta da hannu, kuma duk wadda ta yi feshi ta kashe dakarunta da kanta. Sannan ta zo inda aka yi dariya. Kafin a sake su sai an yi kiwonsu a gida, abincinsu kuwa tsutsa ce irin ta hatsi, wadda za mu rena da kanmu a cikin gero da dusa.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Madam, mu da muka tsufa muna korar tsutsa daga rumbu, yau kuma mu za mu yi mata tuwo?"

Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma da aka watse ni ce na tsaya na karɓi kwalba.

Babanku bai yi gardama da yawa ba, gajiya ta riga ta yi mini rabin aiki. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce abin da guba ta kasa ne wannan ɗan mitsitsin zai yi? Na ce guba ba ta da ƙafa, shi kuwa yana da ita, yana shiga inda tsutsar take. Sai babanku ya faɗi maganar da na rayu a kanta tsawon wannan kaka.

"To, Barira, mu gwada sau ɗaya. In masarar nan ta tsaya, na ajiye jaka har abada."

Washegari ya kai wa Baffa Hamza famfon feshin kyauta, don kada ransa ya riƙa raya masa.

Sai dai akwai Iya, kakarku. Ku kun same ta da sanda da goro, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita ce ta karɓi haihuwarku duka, ita ta yi mini wankan jego, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Uwata ta rasu ina ƙarama, Iya ce ta maye gurbinta. Amma a kan hatsi ba ta da wasa. Ta ga yunwa tana yarinya, irin yunwar da aka tona gidan tururuwa don neman abin da ta tara, kuma ta binne ƙanne biyu a cikinta. Saboda haka in ƙwayar gero ɗaya ta faɗi a tsakar gida sai ta duƙa ta tsince ta, ko da bayanta yana ciwo. A wurinta macen da aka samu tsutsa a hatsinta ba mace ba ce, ko a bikin suna ba ta cin tuwon irinsu. Muka zauna da babanku muka duba, muka ga babu bakin da za mu iya gaya wa wannan matar cewa za mu auni gero mai kyau mu ba tsutsa da gangan. Ya ce a bar ta, kada a tayar mata da hankali, abin na ɗan lokaci ne. Na yarda da shi, kuma ko yau aka dawo da ni wurin ina jin haka zan sake yi. Na kai kayan ɗan ɗakin ajiya na bayan madafa, inda ba ta shiga saboda ƙofar gajera ce.

A ɗakin nan na koyi abin da ban taɓa zaton zan koya ba. Na zuba gero da dusa a bokitai, na sa irin tsutsar da Madam ta ba ni, na ɗaure bakinsu da yadi. Ba a daɗe ba geron ya dunƙule da yana, yana motsi. Ranar farko da na sa hannu sai da tsigar jikina ta tashi, na fita na wanke hannu da toka. Daga baya na saba, har nakan yi musu magana, in ce ku ci ku yi ƙiba, masu cin ku suna tafe. Da tsutsar ta ƙosa sai in ɗiba in zuba a ƙananan buhunan algarara tare da geronta, in saki matan ƙwarin a ciki in ɗaure. Bayan kwanaki in ka buɗe sai ka ga tsutsotsin sun sandare, gefensu 'yan farare kamar gutsuren shinkafa, a ciki sababbin ƙwarin suke. Waɗannan buhunan ake ratayewa a garka daidai lokacin da masara ta fara fid da gashi, su yi ta fita ta ramukan buhun. Sauran matan da suka karɓi kwalba daga baya sun riga ni ratayewa domin sun riga mu shuka. Ni tawa tana tafe, kore shar, babanku yana yini a can yana ban ruwa, tarinsa ma ya yi sauƙi. Na tara buhuna masu yawa, domin garkarmu tana nesa da na sauran matan, ba ƙwaron maƙwabci da zai taimake mu.

Saura kaɗan in rataye sai aka aiko mijin yayata ya rasu a Dungu. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na leƙa ɗakin, na ga komai daidai, na ja ƙofa na tafi da niyyar ina dawowa bayan sadakar uku mu kai su garka. Ban sa kwaɗo ba. A gidan da surukuwa take ba a kulle mata ɗaki, in ka kulle kamar ka kira ta ɓarauniya ne.

Na dawo bayan azahar, rana tana tsakiyar zafinta. Tun daga zaure na ji ƙanshin sabon tuwo. Da na shiga tsakar gida sai na tsaya da ƙunshina a ka. Tabarmi ne shimfiɗe daga bakin rijiya har gindin dalbejiya, gero baje a kansu, fes, yana ƙyalli. Buhunan algarara an wanke su an jera a kan igiya suna ɗiga. Bokitaina an kife su. Kajin gidan kuwa sun ci har sun kasa tafiya, sun kwanta a inuwa maƙoƙo a cike. Iya tana zaune a tsakiya da faifai a cinya, gumi ya jiƙe mata zane, hannuwanta sun yi fari da dusa. Ashe kaza ce ta shige ɗakin neman wurin ƙwai, Iya ta duƙa ta bi ta. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu, ita kaɗai ta jawo kayan nan waje, ta murje, ta sheƙe, ta tsince, ta shanya, tun safe.

Ta ɗago ta gan ni, ta yafito ni da hannu. Na je na durƙusa. Ta rage murya kamar akwai mai saurare.

"Sannu da hanya, ɗiyata. Kada ki ji komai, na san shekarar nan aiki ya yi miki yawa, ga garka ga gida. Na gyara shi tas. Asirinki a rufe yake, ko shi maigidanki ban gaya wa ba, kuma ba zan gaya masa ba."

Tana faɗa tana murmushi, irin murmushin da na daɗe ban gani a fuskarta ba, na wadda ta gano har yanzu tana da amfani a gidan ɗanta. Na dubi geron, na dubi rana, na san babu ƙwaro ɗaya da ya rage. Da na buɗe baki da na ce Iya kin kashe mu. Amma na ga yadda ta gaji, na tuna ta yi wannan wahalar ne don kada a ce Barira ƙazama ce. Na haɗiye maganar.

"Na gode, Iya. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini."

Ta ce amin, ta ce in je in ci tuwo, da geron ta yi shi, ba abin da ya same shi.

Na kwashe buhunan daga igiya na ɓoye kafin babanku ya dawo. Ina kwashewa ina lissafin abin da zan ce masa. Kun san babanku, fuskarsa ba ta riƙe magana. In na gaya masa gaskiya ba zai ce wa uwarsa komai ba, ba a haife shi da wannan bakin ba, amma zai riƙa dubanta da wani ido, ita kuwa Iya ba a yi mata kallo biyu ba ta gane ba. In ta gane, ta san hannunta ne ya lalata abin da zai riƙe ɗanta a gida. Na ga gara a ce ni ce. Ni ina da sauran ƙarfin ɗaukar zargi, ita ba ta da shi. Da ya shigo da yamma, ya yi alwala, na same shi a ɗaki na ce masa ƙwarin sun mutu. Ya tambaye ni duka? Na ce duka. Ya tambaye ni me ya same su, na ce rana ce ta kashe su. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Ya yi salati ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Da sassafe na tafi gidan gona. Madam Rakiya ta riƙe baki, ta ce abin da take da shi duk ta raba, kuma ko ta samo mini iri yau, kafin tsutsa ta ƙosa ƙwari su hayayyafa masarata ta wuce. Na bi gidajen matan ƙungiya, kowace nata yana rataye a garka, ya riga ya watse. Muka koma ga hannu. Ni da babanku muka riƙa bin masara goyo-goyo, muna matse baki muna zaƙulo tsutsa, muna zuba toka da rairayi a ƙoƙon ganye. Ka gama layi ka waiwayo, na baya ya sake kamuwa. Baffa Hamza ya zo da famfon ya yi feshi da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba, amma an riga an makara, tsutsa ta shige ciki. Ranar da ɗan kasuwar ya zo da motarsa, ya yaye goyo ya jefar, ya yaye ya jefar, har ƙasa ta yi fari da ɓawo. Ya ɗauki abin da bai cika gindin mota ba, ya ce mu yi haƙuri. A ranar ce Baffanku ya tsaya a bakin rijiyar garka ya ce, a gaban mutane, wanda ya bi shawarar mace ya ajiye magani ya kama kiwon ƙuda, abin da zai girba kenan, kuma ita mai shawarar ma ta tafi yawon gaisuwa ta bar su sun mutu. Abin da ya ƙara wa maganarsa nauyi shi ne garkokin sauran matan sun yi dama-dama, kowa ya ga dabarar tana ci, saura mai sakaci.

Babanku bai taɓa maimaita maganar ƙanensa ba, ko sau ɗaya, ina so ku san wannan. Ya sayar da ragowar masarar wa masu dabbobi, ya sauko da jakarsa daga inda ya rataye ta, ya kakkaɓe. Na roƙe shi ya bari sai baɗi, na ce mu ci abin da ke rumbu. Ya ce rumbun ba zai kai mu damina ba, kuma na san gaskiyarsa. Ranar tafiya ya durƙusa gaban Iya ta sa masa albarka, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin fura a leda. Na raka shi har zaure, inda mace take tsayawa. Ya ce in kula da Iya, in kula da kaina, in kuma ajiye masa irin masarar, wataƙila a sake gwadawa. Na ce to. Ina jin tarinsa har ya sha kwanar masallaci.

Kafin ruwan farko aka kira a talhon Baffa Hamza. Ƙirjin ne. Abokan zamansa suka ce bai yi jinya mai tsawo ba, suka yi masa sutura a can, a ƙasar da ban taɓa gani ba, har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Wannan kun sani, kun zo, mun yi kuka tare. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ke cikina ina takaba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na kasa kallon hannuwan Iya. In ta miƙo mini ƙwarya sai in karɓa ina kallon gefe. Na yi fushi da ita, na yi fushi da kaza, na yi fushi da mamacin Dungu da ya zaɓi wannan makon. Sannan in yi istigfari, in tashi in dama mata kunu, domin ita ma ɗanta ta rasa, kuma ba ta san komai ba. Haka na ɗauka.

Ban san ranar da ta gane ba. Wataƙila a zaman makoki ne, da matan ƙungiya suka cika tsakar gida. Kun san mata, ana gaisuwar mutuwa ana zancen duniya, kuma a lokacin kiwon ƙwari ya daina zama abin kunya, kowa yana faɗar yadda take rena tsutsarta a gero. Iya tana zaune a gefe da carbi, ana ganin kamar ba ta ji. Abin da na lura da shi kawai, bayan makoki ta daina taɓa hatsi. Ta daina sheƙa, ta daina tsinta, in gero ya zube a gabanta sai ta kira ni. Ta rage ci, ta rage magana. Kowa ya ce baƙin cikin ɗa ne, ni ma na ce haka.

Da kaka ta zagayo na shuka irin da ya ce in ajiye. Ba don ƙarfin hali ba, ba ni da wata sana'ar da za ta ciyar da mu. Na karɓo ƙwari wurin Madam, na haɗa gero da dusa, sai na tsaya ina tunanin inda zan ajiye. Kwaɗo dai ba zan sa ba, kuma ba zan iya barin ƙofa a buɗe ba. Na yanke shawarar in kai gidan wata ƙawata a bayan kasuwa. Da safe na ɗora bokiti a ka, na rufe shi da zane, na nufi zaure a hankali. Iya tana zaune a bakin ɗakinta tana shan hantsi.

"Barira, ina za ki da shi?"

Na ce wani ɗan saƙo ne zan kai. Ta dube ni.

"Mayar da shi ɗakinsa."

Na juya na mayar, na fito. Kafin in fito ta riga ta dogara sanda ta tashi, tana jan tabarmarta da hannu ɗaya. Na kai hannu zan karɓa ta ƙi. Ta ja ta har bakin ɗan ɗakin ajiya, ta shimfiɗa a gicciye, ta zauna ta jingina da ƙofar, ta ɗora sandar a cinya.

"Tafi garkarki," ta ce. "Ba kaza, ba yaro, ba mai taɓa shi. Har ni."

Na durƙusa a gabanta, na kama ƙafarta, na ce Iya Allah ne ya ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Ta ɗora hannu a kaina, ta bar shi a nan. Daga ranar ba mu ƙara tayar da zancen ba, ni da ita, har ta koma ga Allah. Amma kullum in zan fita tana bakin ƙofar nan, in na dawo tana nan, a nan take sallah, a nan take cin abinci, har ranar da na kwashe buhunan na kai garka na rataye.

Masarar ta tsaya. Ba duka ba, an samu ɓarna nan da can, amma ɗan kasuwar ya cika motarsa ya ce zai dawo. Irin shekarar da muka roƙa ce, ta zo a makare. Na zaɓi goyo mafi kyau, na dafa shi ya yi laushi saboda haƙoranta, na kawo mata a kwano. Ta ɗauka, ta yaye ɓawon a hankali, ta bi layin ƙwayoyin da yatsa tun daga gindi har baki, ba ta samu rami ko ɗaya ba. Ba ta kai shi baki ba. Babanku ɗan farinta ne, tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai shi, ko maigidanki, ko wancan. Ta riƙe masarar da hannu biyu, ta ce, a hankali, kamar yana zaure zai amsa:

"Haruna."

Ni ma yau ne na fara rubuta sunan nan.